Tsakanin Launin Fata da Ƙabila: Darasi Daga Tarihin Al'ummar Kiriyol



Ya 'yan'uwana matasa, akwai abubuwa biyu da muke yawan cakuɗa su a zance, wato launin fata da ƙabila. Da zarar an ga mutum fari sol sai a yanke cewa Bature ne ko Balarabe, in kuwa baƙi ne sai a ce ai namu ne, kamar dai fatar jiki wasiƙa ce da aka rubuta tarihin mai ita a kai. Wannan cakuɗawa ta ƙara ƙarfi a zamanin intanet, domin galibin muhawarar da muke karantawa kan wannan batu daga Amurka take fitowa, inda aka daɗe da kasa mutane gida biyu, baƙi da fari. Don haka na ga ya dace mu leƙa tarihin wata al'umma da wannan rabo ya kasa ɗauka, wato mutanen da ake kira Kiriyol. Zan taƙaita bayani a kan wurare biyu: jihar Luwiziyana da ke kudancin Amurka, da birnin Firitawun na ƙasar Saliyo.

Asalin Kalmar

Kalmar Kiriyol ta samo asali ne daga harsunan Fotugal da Sifaniya, daga wani fi'ili mai ma'anar reno. A ƙarni na 16, lokacin da Turawan waɗannan ƙasashe suka kafa mulki a nahiyar Amurka, sun yi amfani da ita wajen bambanta wanda aka haifa a can da wanda ya zo daga ƙetaren teku. Ɗan Bature da aka haifa a Meziko Kiriyol ne, haka ma ɗan bawa da aka haifa a Birazil, saɓanin iyayensu da jirgin ruwa ya kawo. Ke nan tun daga tushe kalmar tana magana ne a kan mahaifa da tarbiyya, ba ta da ruwa da launi.

Wanda ya yi karatun Larabci zai tuna da kalmar muwallad, wadda ake faɗa wa wanda aka haifa kuma ya tashi cikin Larabawa alhali asalinsa ba Balarabe tsantsa ba ne. Da ita aka riƙa kiran zuriyar mutanen Andalus da suka musulunta. Mu ma a ƙasar Hausa, zamanin da ake bauta, an bambanta bawan da aka sayo da bacucane, wato wanda aka haifa a gidan ubangijin iyayensa, ya buɗi baki da Hausa. Duk inda mutane suka yi ƙaura, da son ransu ko bisa tilas, sai an samu tsarar da ta tashi tsakanin duniya biyu, kuma sai an nema mata suna.

Luwiziyana: Hawa Uku Maimakon Biyu

Faransawa ne suka kafa birnin Niyu Oliyans a shekarar 1718, kusa da inda kogin Misisifi ke faɗawa teku. A 1719 jiragen bayi na farko suka iso daga Afirka, kuma daga nan zuwa 1731 an kawo mutum kusan 6,000. Binciken masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ya nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na waɗannan bayin Allah daga yankin kogunan Senegal da Gambiya aka kwaso su: Bambara, Wolof, Mandinka, Fulani da makamantansu. Sun tarar da Faransawa, da Jamusawa manoma, da Indiyawan daji masu ƙasar tun asali. Daga wannan haɗuwa aka samu sabon harshe mai kalmomin Faransanci da gini irin nasa na kansa, aka samu sabon girki, har miyar da jihar ta fi shahara da ita a yau, gambo, sunanta daga sunan kuɓewa ne a wasu harsunan tsakiyar Afirka.

A 1762 Faransa ta miƙa yankin ga Sifaniya. Dokar Sifaniyawa ta bai wa bawa damar ya nemi a yanke masa kuɗin fansa ya biya, ko da ubangijinsa bai so ba, abin da ya yi kama da murgu da fansar kai da aka sani a ƙasarmu. Ta wannan hanya, da kuma ta hanyar Turawan da suka 'yanta matan da suka haifa musu 'ya'ya, sai aka samu wani rukuni na uku tsakanin Turawa da bayi: 'yantattu masu jinin Afirka, da yawansu 'yan ruwa biyu. Adadinsu ya ƙaru ƙwarai a 1809 zuwa 1810, sa'ad da 'yan gudun hijira kusan 10,000 da juyin juya halin Haiti ya tarwatsa suka iso ta Kuba, kusan kashi ɗaya cikin uku Turawa, kashi ɗaya 'yantattu, kashi ɗaya bayi. Dukkan rukunan uku Faransanci ko Kiriyol suke ji, ɗariƙar Katolika suke bi, abinci iri ɗaya suke ci. Launinsu daban-daban, amma al'adarsu ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka aljannar duniya ce. Tsari ne da aka gina a kan bauta, kuma 'yantattun nan ba a daidaita su da Turawa ba. A 1786 gwamna Esteban Miró ya kafa dokar da ta tilasta wa matansu ɗaura ɗankwali domin kada a kasa bambanta su da matan Turawa. Har wa yau wasu daga cikinsu sun mallaki bayi. Misalin da ya fi shahara shi ne na Marie Thérèse Coincoin, baiwar da aka haifa a 1742, wadda ta haifa wa wani Bafaranshe mai suna Métoyer 'ya'ya, ya 'yanta ta, zuriyarta kuma suka zama manyan masu gonaki da bayi a bakin kogin Kane. A ɗaya ɓangaren kuma wannan rukuni ya fitar da masana: Norbert Rillieux, injiniyan da ya ƙirƙiro hanyar tace sukari da ta sauya masana'antar baki ɗaya, da likita Louis Charles Roudanez, wanda a 1864 ya kafa jaridar kullum ta farko mallakar baƙar fata a Amurka, ana buga ta da Faransanci da Ingilishi.

Ranar da Aka Rushe Hawan Tsakiya

A 1803 Napoleon ya sayar wa Amurka da Luwiziyana a kan dala miliyan 15. Amurkawa masu jin Ingilishi suka kwararo da nasu tsarin, wanda bai san komai ba sai fari da baƙi. Kafin yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 tsarin hawa uku ya ɗan jure, amma bayan an soke bauta, kuma aka janye sojojin tarayya daga kudu a 1877, sai Turawan kudu suka shiga kafa dokokin wariya. Daga nan aka tilasta wa kowane Kiriyol ya faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu.

Kiriyol farare, don tsoron kada a zarge su da gaurayen jini, sai suka tashi haiƙan suna da'awar cewa kalmar tasu ce su kaɗai. Masanin tarihi Charles Gayarré ya gabatar da lacca a 1885 yana kare wannan ra'ayi, alhali takardun kotu da na coci na ƙarnin da ya gabata cike suke da bayi da 'yantattu da aka kira Kiriyol. Dubi yadda tsoro ke sa malami ya rufe ido daga abin da ke rubuce a gabansa.

Su kuwa Kiriyol masu jinin Afirka sai suka zaɓi kotu. A 1890 jihar ta kafa dokar raba taragun jirgin ƙasa. Wani kwamitin 'yan gari da suka kafa a 1891 ya shirya gwada dokar, suka zaɓi wani mai ɗinkin takalma, Homer Plessy, wanda kashi bakwai cikin takwas na asalinsa Turawa ne, kuma babu mai ganinsa ya ce ba Bature ba ne. Ranar 7 ga Yuni 1892 ya sayi tikiti ya zauna a taragon farare, ya shaida wa kwandasta asalinsa, ya ƙi tashi, aka kama shi. Hujjarsu a fili take: idan sai mutum ya faɗa da bakinsa kafin a san launinsa, to mene ne launin? Amma ranar 18 ga Mayu 1896 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai bakwai a kan ɗaya, ta halatta wariya bisa sharaɗin wai a raba amma a daidaita. Wannan hukunci ya zama ginshiƙin wariya har zuwa 1954 da kotun ta haramta ta a makarantu. Shi kuwa Plessy, sai a Janairun 2022 gwamnan jihar ya yi masa afuwa, shekara 97 bayan rasuwarsa.

Abin bai tsaya nan ba. Kundin tsarin mulkin jihar na 1921 ya mayar da Ingilishi harshen koyarwa, yara suka riƙa shan horo a makaranta don sun yi harshen iyayensu, har ta kai masu jin Kiriyol na Luwiziyana a yau ba su wuce 'yan dubbai ba. A 1970 kuma aka kafa dokar da ta ce wanda jinin Afirka a jikinsa ya haura kashi ɗaya cikin 32, hukuma na iya rubuta shi baƙi. Wata mata, Susie Guillory Phipps, wadda ta rayu a matsayin farar fata, ta je neman takardar haihuwa domin fasfo a 1977, sai ta tarar an rubuta ta a rukunin baƙaƙe, saboda wata kakar kakanninta baiwa ce a ƙarni na 18. Ta kai ƙara ta sha kaye, ko da yake an soke dokar a 1983. Fatarta ba ta sauya ba, harshenta bai sauya ba, alƙalamin magatakarda ne ya yanke mata launi.

Firitawun: Launi Ɗaya, Sabuwar Ƙabila

Yanzu mu dawo gida Afirka ta Yamma, inda labarin ya zo a juye. A 1787 aka kawo baƙaƙen fata matalauta kusan 400 daga Ingila aka sauke a gaɓar Saliyo. A 1792 wasu kusan 1,200 suka iso daga Noba Sikoshiya ta ƙasar Kanada, tsofaffin bayin Amurka ne da suka goyi bayan Ingila a yaƙin neman 'yancin Amurka, su ne suka kafa Firitawun. A 1800 aka ƙaro wasu kimanin 550 daga zuriyar bayin da suka gudu duwatsun Jamaika. Bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, jiragen yaƙinta suka shiga tare jiragen bayi a teku suna sauke mutanen ciki a Firitawun. Cikin shekaru kusan 60 an sauke dubun dubata, aka zaunar da su a ƙauyuka irin su Regent, Hastings da Waterloo.

Waɗannan mutane duk baƙaƙe ne, amma ba su jin harshen juna. Wani malamin mishan Bajamushe, Sigismund Koelle, ya tattara kalmomin harsuna sama da 150 daga bakinsu ba tare da ya bar garin ba, ya buga a 1854 cikin littafinsa Polyglotta Africana. Akwai Hausawa a cikinsu, kuma daga wurinsu James Schön ya fara koyon Hausa kafin ya buga ƙamusinsa na farko a 1843. Akwai Ali Eisami, ɗan wani malami daga Borno, wanda aka kama a rikicin da ya biyo bayan faɗuwar Birnin Gazargamu, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu ta ƙasar Hausa har ƙasar Yarabawa, aka sauke shi a Firitawun a 1818, daga baya ya zama malamin Koelle na Barbarci. Wannan ɓangare na tarihi ya shafe mu kai tsaye, domin hanyoyin da suka kai waɗannan mutane bakin teku ta kasuwanninmu suka ratsa.

'Ya'ya da jikokin waɗannan rukunai su ne suka narke suka zama Kiriyo. Harshensu yawancin kalmominsa na Ingilishi ne, amma yana cike da Yarabanci, har da kalmar wahala da muka sani. Sun riƙe adashi, da walimar tunawa da mamata, da bikin suna irin na Yarabawa, tare da kwat da coci da karatun boko. Kwalejin Fourah Bay da aka buɗe a 1827 ta zama matattarar ilmin boko a yankin, kuma ɗalibinta na farko shi ne Samuel Ajayi Crowther, wanda ya zama bishop a 1864, kakan Herbert Macaulay. Ga ƙabila sabuwa fil da aka haifa a idon tarihi, ba tare da wani bambancin launi tsakaninta da maƙwabtanta Temne da Mende ba.

Akwai Musulmi a cikinsu, kuma labarinsu ya cancanci a sani. Yarabawa Musulmi da aka sauke a can, waɗanda ake kira Aku ko Oku, sun ƙi barin addininsu duk da matsin mishan da na hukuma. Sun taru a unguwannin Fourah Bay da Fula Town, kuma wajen 1839 aka rushe musu masallatai, suka sake ginawa. Daga wannan zuriya Muhammadu Shitta ya fito, wanda aka haifa a Waterloo, ya yi arziki a fatauci, ya gina masallacin da ke ɗauke da sunansa a Legas, aka buɗe a 1894, Sarkin Daular Usmaniyya ya ba shi laƙabin Bey. Masana sun yi saɓani a kan ko Aku Kiriyo ne. Wasu sun ce Kiristanci sharaɗi ne na zama Kiriyo, wasu kuma, irin su Gibril Cole a littafinsa na 2013, sun nuna cewa tarihi ɗaya da harshe ɗaya suka haifi ɓangarorin biyu. Wannan saɓani da kansa ya nuna cewa iyakar ƙabila aba ce da mutane ke tattaunawa, suna matsar da ita gaba ko baya.

Shi kuwa launi bai ƙyale su ba. A ƙarni na 19 Kiriyo sun zama likitoci da lauyoyi da manyan ma'aikata, irin su likitan soja Africanus Horton da lauya Samuel Lewis, wanda ya yi magajin garin Firitawun. Amma da aƙidar fifikon farar fata ta yi ƙarfi a Turai, sai aka fara ture su gefe, har a 1902 aka kafa hukumar likitocin Afirka ta Yamma aka keɓe ta ga Turawa zalla. A wurin mutanen cikin ƙasa kuwa, kallon yaran Turawa ake yi musu, kuma an kashe 'yan kasuwarsu da dama a boren harajin ɗaki na 1898. Bature ya dubi fatarsu ya ce ba nasa ba ne, ɗan ƙasa ya dubi al'adarsu ya ce ba nasa ba ne. A yau ba su kai kashi biyu cikin ɗari na jama'ar Saliyo ba, amma harshensu shi ne wanda kusan kowa ke ji a ƙasar.

Abin da Tarihin Nan Ya Koya Mana

Idan muka jera labaran biyu za mu ga bambancin a sarari. A Luwiziyana ƙabila ɗaya ce mai launuka da yawa, doka ta tsaga ta biyu. A Saliyo launi ɗaya ne mai ƙabilu da yawa, zaman tare ya dunƙule su. Ƙabila tana ginuwa ne daga ciki: harshen da uwa ta yi wa ɗanta, abincin da aka saba, tarihin da ake tunawa tare, da mutanen da ake aure a cikinsu. Rabon launi kuwa galibi daga waje ake ɗora shi, mai iko ne ke ja masa layi, kuma inda aka ja layin ya dogara da abin da yake son karewa, dukiya ko mulki. Shi ya sa mutum ɗaya zai iya zama baƙi a Amurka, a kira shi ruwa biyu a Birazil, ya zo Kano yara su bi shi suna Bature. Ilmin ƙwayoyin halitta ma ya goyi bayan haka: tun 1972 Richard Lewontin ya nuna cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin 'yan Adam yana cikin kowace al'umma ne, ba tsakanin launuka ba.

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Agalawa da Tokarawa asalinsu daga wajen Azbin ne, Kambarin Barebari daga Borno, ga zuriyar Larabawan Gadamas da Tarabulus a cikin birni. Duk Hausawa ne a yau, wani fari tas, wani wankan tarwaɗa, wani baƙi wuluk. Harshe da addini da zaman tare ne suka yi mu.

Addininmu ma ya yi magana a kan wannan. Aya ta 22 a Suratur Rum ta ambaci saɓanin harsuna da saɓanin launuka, kowanne da sunansa, ta sanya su cikin ayoyin Allah. Aya ta 13 a Suratul Hujurat kuma ta bayyana hikimar rarrabuwa zuwa al'ummu da ƙabilu, ta mayar da ma'aunin daraja ga taƙawa. Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: Musulmi ba koyaushe suka yi aiki da wannan ba. Da sun yi, da Shehu Ahmad Baba na Tambutu bai buƙaci rubuta Mi'irajus Su'ud a 1615 ba, inda ya yi raddi ga masu ganin baƙar fata hujja ce ta bautarwa, ya kuma lissafa Kano da Katsina da Borno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a mallaki mutanensu ba.

Kammalawa

Ya ɗan'uwa, ya 'yar'uwa, gargaɗina guda biyu ne. Na farko, idan ka ci karo da muhawarar launi a intanet, ka san cewa ma'aunin da ake amfani da shi yana da tarihi da mahaifa, kada ka ɗauko shi ɗungurungum ka auna mutanenka da shi. Na biyu ya fi nauyi. Kafin mu yi wa Gayarré dariya, mu duba gidajenmu. Sau nawa aka fasa aure don an tono cewa kakan kakan yaro bawa ne? Sau nawa aka fifita farar yarinya a kan baƙa, har 'yan'uwanmu mata suka shiga shafe-shafen da ke ƙona musu fata? Mazhabar Malikiyya da muke bi ba ta sanya nasaba cikin sharuɗɗan dacewar ma'aurata ba, addini ta duba da lafiya daga aibu. Wanda ke lissafin kashi nawa ne na jinin bayi a jikin surukinsa, aikin magatakardan Luwiziyana yake yi, ko da da carbi a hannunsa.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta, ya tsare zukatanmu daga girman kai na jahiliyya, amin.